Jar Hular Gidan Samanja

Kafin hantsin Asabar ya ɗaga, babu gidan da bai ji ba a layinmu na Agege: an sace jar hular Asama'u. Ba hular kaɗai ba, har da farar ɗamararta da kambun hannun da ke nuna ita 'yar sandan soja ce. A ƙusa aka rataye su a ɗakin kakarta, Hajiya Mariamu. Da ruwan yammacin Juma'a ya ɗauke aka leƙa, ƙusa kawai aka tarar.

Zan faɗi gaskiya, wanda zai ji haushi ya ji. Rabin mutanen da suka cika ƙofar gidan suna salati, murna ce ta kawo su. Jiya sun ci shinkafar walimar yarinyar, sun sa mata albarka da fatar baki. Yau sun dawo ganin yadda za ta faɗo.

Gidan Samanja ake ce wa gidan. Samanja Abdulwahid, mijin Hajiya Mariamu, shi ne ya kafa shi, mutumin Arewa da ya yi soja a zamanin Turawa, ya aje kaki ya zauna a Legas. Ya bar wa zuriyarsa wani usur na tagulla da wasiyya guda: wanda ya sa kaki a gidan, shi ne zai riƙe shi. Shekara talatin usur ɗin yana wuyan Bature, ɗan Hajiya Mariamu, wanda kowa ke kira Saje. Yanzu ga Asama'u, 'yar marigayi yayansa, ta gama makarantar 'yan sandan soja a Zariya, ta dawo hutun kwana uku da igiyar las-kofur. A wajen walima ya kamata a miƙa mata usur. Ruwa ya kece, taro ya watse, Saje Bature ya ce a bari sai an natsu.

*

Asama'u ba ta tsaya sauraron masu jaje ba. Ta ratsa su, ta nufi bakin titi inda Baba Harisu ke kasa takalman sayarwa.

Shi ma tsohon saje ne, amma na jar hula. Ɗan maharbi ne, ya koyi karatun sawu a daji tun yana ƙarami, soja kuma suka mori wannan ilimin shekara talatin da biyar wajen kamo waɗanda suka gudu daga bakin aiki. Shekara huɗu ke nan da ya tare a layinmu. Har yau ƙafar mutum yake fara kallo kafin fuskarsa.

Ta ƙame a gabansa duk da tana sanye da atamfa.

"Sassauta, Kofur," in ji shi. "Na ji labari. Yaushe za ki koma?"

"Gobe da safe, Baba. Amma ba zan kai gobe ba. In magariba ta yi yau ba a gani ba, zan buga wa ogana waya in faɗa masa da bakina."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Lambata tana rubuce a cikin hular. In wani ya ɗora ta a kai ya tare motoci a Abule Egba, ni za a nema. Ko ma ba a tare kowa ba, Baba, mu ne muke kulle soja a gadirum in ya yar da kayansa. Wata nawa na yi da fara aiki? Wa zai sake ba ni amanar ƙofar bariki?"

Ya dube ta. Sannan ya fara tattara takalmansa cikin buhu.

"Bari in faɗa miki wani abu tun yanzu, don kada ki ɗauka ni waliyyi ne. 'Ya'yana uku maza, babu wanda ya yarda ya gaje ni. Jiya da na gan ki cikin hular nan, sai da wani abu ya tokare mini ƙirji. Na yi istigfari, na koma gida. Wanda ya ɗauki kayanki irin wannan abin ya ji, shi dai bai yi istigfarin ba. Mu je."

*

Ɗakin Hajiya Mariamu yana ƙarshen tsakar gida. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da wani abu, gwiwoyinta sun ƙi, a kan kujera take salla. Dokarta guda ce kuma babu wanda ya taɓa karya ta: ba a shigar mata ɗaki da takalmi, ko da gwamna ne.

Baba Harisu ya tuɓe nasa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, wa ya shigo lokacin ruwa?"

"Wa bai shigo ba? Ɗaki ya cika da mata. Da ruwa ya lafa aka riƙe ni aka kai ni zaure in sallami baƙi. Na dawo, yarinya ta ce babu kaya."

"Kin daɗe a zauren?"

"Ni agogo ce? Yaro, ka yi abin da ya kawo ka."

Ya duba ɗakin. An goge siminti tas, babu abin karantawa a kai. Sai idonsa ya sauka a kan darduma. Tana shimfiɗe can kusurwa, ƙarƙashin ƙusar da aka rataye kayan, nesa da kujerar tsohuwar. Kuma ba alƙibla take kallo ba. Matar da ta shekara sittin tana salla a ɗaki ɗaya ba ta ɓata gabas.

"Kofur, samo mini ruwan sha," in ji shi.

Da Asama'u ta fita, ya sa yatsa biyu ya ɗaga gefen dardumar. Sawu ne guda ɗaya, na taɓon da ya bushe. Ƙafar dama ta namiji, babba, ba takalmi, ba safa. Ta kwanta gaba ɗaya daga dunduniya har yatsu, babu ɗan ramin nan na tsakiya da ƙafar mutane ke bari. Ya auna da taƙinsa, ya mayar da darduma yadda ya same ta.

Ya ɗago. Hajiya ta kau da kai tana jan carbi da ƙarfi, sandarta a jingine a cinyarta.

*

Mutanen layi sun riga sun yanke hukunci: Kamal ne, yayan Asama'u. Sau uku yana neman shiga soja ana dawo da shi. Yanzu kwandastan danfo ne, bas ɗin haya na Legas. Tun asuba Saje Bature ya kwaɗa masa mari ya hana shi fita aiki.

Baba Harisu ya same shi zaune a kan bokiti a bayan gida, cikin dogayen takalman ruwa, kuncinsa a kumbure.

"An ce kai ne."

"To ni ne. Ku kira 'yan sanda. Au, na manta, muna da su a gida."

"Me ya sa ba ka ci abincin walima ba?"

"Ba ni da yunwa."

"An ce ka faɗa a gaban mutane, wai hular ta fi dacewa da mai sayar da tumatir."

"Na faɗa. Ƙarya na yi? Baba, ni na koya wa yarinyar nan gudu. Ni nake tashinta mu zaga filin makaranta. Ni na je sau uku, ita sau ɗaya. Yanzu in ta shigo gida har tsofaffi gyara zama suke. Ni kuwa in na shigo, sai a ce Kamal ɗebo ruwa."

"Me ya kayar da kai?"

"Ba ni da kowa a sama."

"Ita wa take da shi?"

Ya murza bakin bokiti.

"Jarrabawar rubutu," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Duk sau ukun."

"Yauwa. Ka daina ɗora wa mutanen sama. Ina kake lokacin da ruwa ya lafa?"

"Ina kwashe ruwa a zaure, shi ma ni aka sa. Baba, ina jin haushinta, wallahi ina ji. Amma in kashe mata aiki? Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya fa."

Baba Harisu ya dubi takalman ruwan. Girmansu ya yi daidai da sawun. Amma roba ba ta nuna abin da ke cikinta, ya wuce.

*

Matan gida kuwa Fauziyya suke zargi, jikar ƙanwar Hajiya ta wajen uba, wadda suka yi aji ɗaya da Asama'u. Yanzu kitso take yi a ƙofar gida. Ya tarar da ita tana kwashe shanya tana cika tana batsewa.

"Baba Saje, in ka zo tambayata ne, ban ɗauka ba. Me zan yi da hular maza? In dafa?"

"An ce saurayinki ya ɗauki hoton Kofur sau bakwai."

"Sau tara! Na ƙirga. Ni da na kwana biyu ina soya nama, ko ɗaya bai ɗauke ni ba. Su je su ƙarata can. Amma in zan rama, a kansa zan rama, ba a kanta ba."

"Kin ga wani ya nufi ɗakin Hajiya bayan an fito da ita?"

"Ina madafa. Hayaƙi ko tafin hannuna ba na gani." Ta fizgo wani zane daga igiya, wani abu baƙi ya faɗo ƙasa. "Kai! Dubi abin da ya ɓata mini zane. Wa ya ce a shanya fata a kan atamfa?"

Huffi ne guda biyu, safar fata irin wadda ake shafa a kanta wajen alwala. Sun sha ruwa sun yi nauyi.

"Na wane ne?"

"Na Baffa Saje mana. Wa ke sa wannan abu a zafin Legas in ba shi ba? Tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Wai harsashi ya same shi a wajen yaƙi, ba ya so a gani. Jiya dai ruwa ya shiga takalmin but ɗin nasa, dole ya cire."

Baba Harisu ya ɗauki huffin, ya juya su, ya mayar kan igiya da kansa.

"Allah ya ba ki haƙuri da mai hoto," ya ce.

"Amin, in ya ga dama."

*

Saje Bature yana zaune a benci a ƙofar gida, mutane kewaye da shi. Dogo ne mai ƙirar ƙarfi, gashin bakinsa a murɗe, tsohon but ɗin soja a ƙafarsa yana ƙyalli, usur na tagulla a wuya. Gadin wani siton goro yake yi a bayan kasuwa. Tun da Baba Harisu ya zo layin, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. In an tambayi Bature dalili, sai ya ce sojan daji ba ya shiri da ɗan jar hula, mutane su yi dariya. Kuma haka ne, soja ba sa son mai kama su.

"Jar hula, ka gano ɓarawon?" ya tambaya da ƙarfi don kowa ya ji. "Ko sai mu sojan gaske mun taimaka?"

"Taimakon na zo nema, Saje. Me ka gani?"

"Na ga wani baƙo. Siriri, da baƙar riga, ya bi ta bayan gida lokacin ruwa. Irin yaran Mushin ɗin nan masu sayen kaki. Katanga ya haura. In ka bi ta tawa, ku tafi Mushin tun rana ba ta yi ba."

"To me ya sa ka mari Kamal?"

"Shi zai buɗe masa hanya. Ni dama na faɗa tun farko, wannan aiki ba na mace ba ne. Ku me kuke yi ma? Tsayuwa a ƙofa da farar safar hannu, kuna ɗaga wa motar manya hannu. Mu da muka kwana a rami muka san soja."

"Haka ne, muna tsayuwa a ƙofa," in ji Baba Harisu. "Muna raka ayarin motoci, muna tsare gadirum, muna da masu bincike da masu karnuka. Soja dubu da bindiga, in babu mai ce musu kul, ba runduna ba ce, annoba ce. A wace bataliya ka yi, Saje?"

"Na zaga da yawa."

"Lambarka fa?"

Bature ya yi dariya ya dubi jama'a. "Kun gani? Ya yi ritaya amma bai daina tambayar takarda ba. An sace hula, shi lambata yake nema."

Aka yi dariya. Baba Harisu bai yi ba. Ya zaga bayan gida shi kaɗai. Katangar ta yi gansakuka kore shar daga sama har ƙasa, ko kaza ta taka sai ta bar alama. Babu ƙwarzane ko ɗaya. A taɓon lungun kuwa babu sawun siririn mutum. Akwai na akuya, akwai na but, ya fita ta ƙaramar ƙofa ya nufi hanyar kasuwa, ya dawo.

*

Da la'asar ta gabato, rana ta busar da simintin tsakar gida. Baba Harisu ya sa aka rufe ƙofar zaure, 'yan kallo suka tsaya a waje suna leƙe ta saman katanga. Aka fito da Hajiya a kujerarta. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarshen tsakar gida, aka jera butoci a ɗaya ƙarshen.

"Saura awa biyu da wani abu magariba," in ji shi. "Ba zan rantsar da kowa ba, na ga mutane da yawa sun rantse sun kwana lafiya. Salla kawai za mu yi tare. Kowane namiji ya yi alwala a nan, ya taka zuwa tabarma ba takalmi."

Kamal ne ya fara. Ya fizge takalman ruwa ya jefar, ya yi alwala cikin fushi, ya taka. Sawunsa ya fito da rami a tsakiya kamar an gutsure. Baba Harisu ya bi, nasa ma haka. 'Yan haya biyu suka bi.

Saura Bature.

"Ina da alwala tun azahar," ya ce.

"Baffa, yanzun nan fa ka fito daga banɗaki da buta," in ji Kamal.

"Rufe mini baki, mara kunya! Shafa nake yi, kowa ya sani."

"Huffinka suna kan igiya, ba su bushe ba," in ji Baba Harisu. "A kan me za ka shafa, Saje? A kan but?"

"Ni za ka tozarta a gidan ubana? Ƙafar da ta sha harsashi saboda ƙasar nan za ka sa in buɗe a gaban mata?"

"In akwai tabon harsashi, ni zan fara sara maka, in nemi gafararka a bakin titi."

Bature ya juya zai nufi zaure. Sai muryar tsohuwa ta tsayar da shi.

"Bature."

"Inna."

"Cire takalmin nan."

"Inna, ki bari..."

"Na ce ka cire. Na gaji."

Ya zauna a bakin rijiya. Ya daɗe yana kwance igiyar but. Ƙafafun suka fito fari fat kamar ba na jikinsa ba, babu tabo ko na ƙaya. Ya zuba musu ruwa. Ya taka sau uku ya tsaya, don babu amfanin ƙarawa. Sawu uku a kan siminti, kowanne a shimfiɗe daga dunduniya har yatsu.

"Irin wannan sawun yana ɗakin Hajiya, a ƙarƙashin ƙusa," in ji Baba Harisu. "Ruwa ya jiƙa maka huffi ka cire. Dokar ɗaki ta hana ka shiga da but. Shi ke nan ka taka da ƙafar da Allah ya ba ka."

Ya juya ga Asama'u. "Kofur, faɗa musu abin da kike gani."

Idonta yana kan simintin. "Ba a ɗaukar mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a soja."

"Ba a ɗauka. A zamaninmu, in ana ɗibar kurata, mu ake sa wa tsaron layi. A sa yaro ya taka ruwa, ya taka dandamali. In sawu ya fito haka, ko sunansa ba a rubutawa, mu muke raka shi bakin ƙofa. Na raka ɗaruruwa. Wasu suna kuka, wasu suna zagi. Ba laifin kowa ba ne, halitta ce. Yawancinsu sun koma gida sun faɗi gaskiya, sun kama sana'a."

Har masu leƙe ta saman katanga suka daina motsi.

"Shekara shida Bature ya yi a Kaduna yana gadin kanti," in ji Hajiya Mariamu, ba ta kalli kowa ba. "Ya dawo da but na gwanjo, ya ce an sallame shi da rauni. Ni na wanke ƙafar nan ranar da aka haife shi, zan kasa gane ta? Ubansa yana kwance ba lafiya, yana murna gida ya sake samun soja. Na yi shiru. Da na yi shiru shekara ɗaya, sai ta zama talatin. Jiya na ga sawun. Ba na iya sunkuyawa in goge, ba na iya sa wani ya goge. Na tura darduma da sanda." Ta share ido da gefen mayafi. "Na rufe wa ɗana, na bar marainiyar ɗana a rana. Allah ya gani."

Asama'u ta matsa gaban Bature. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baffa, ina kayana?"

"Gwadawa kawai na so in yi," ya ce, kansa a ƙasa. "Sau ɗaya. In ga yadda za ta zauna mini. Na sa ta a gaban madubin Inna. Asama'u, ta zauna. Wallahi ta zauna daidai."

"Gwaji minti ɗaya ne," in ji Baba Harisu. "Sawun but ɗinka har hanyar kasuwa ya je. Kada ka ƙara ƙarya a kan ƙarya. So ka yi ta koma ba kaya a kore ta, usur ya zauna a wuyanka, babu mai zuwa hutu yana yi maka tambayar da ba ka da amsarta. Kuma ka mari yaron da bai ci ba bai sha ba. Ina suke?"

"A sito. Na cusa su cikin huhun goro, na ɗaure. Motar Kano ce za ta kwashe. Da an yi la'asar ake lodi."

Kamal bai jira an aike shi ba. Ya ɓalle ƙofar zaure ya fita da gudu ba takalmi, Asama'u a bayansa. Su biyun nan dama tare suka koyi gudu.

*

Sun tarar an loda rabin mota. Kamal ya hau ya yi ta faɗa da 'yan dako da Hausa da Yarbanci har aka sauke huhu goma sha ɗaya. A na goma sha biyu aka samu. Hular ta jiƙe da danshin ganye, farar ɗamarar ta yi jirwaye da jan goro, amma lambar tana nan a rubuce.

Da suka dawo ana shirin kiran magariba. Bature yana nan a bakin rijiya inda suka bar shi. Ya cire usur daga wuyansa ya miƙa mata, bai iya ɗaga ido ba. Ta karɓa da hannu biyu, don baffanta ne.

"Za ki kai ni?" ya tambaya.

"Ba ni da iko a kanka, Baffa. Mu soja muke kamawa."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙe, ya ɗauki but ɗinsa a hannu, ya ratsa mutanen da ke ƙofar gida. Waɗanda suka taya shi dariya da safe suka buɗa masa hanya, babu wanda ya ce Saje. Kada kuma wani ya ɗauka sun fi shi. Da motar Kano ta tashi da hular nan, da yawansu sai sun fi jin daɗin tuwon dare.

Asama'u ta zauna a bakin rijiya da buroshi da sabulu. Kamal ya tsaya a kanta yana kallo, can ya tsuguna ya fizge ɗamarar.

"Kawo nan, mai tumatir. Haka ake wanki a barikin naku?"

Baba Harisu ya leƙa ɗakin tsohuwa zai yi sallama. Ya tarar ta sa Fauziyya ta goge sawun. Tana zaune a kujerarta, tana tura darduma da sanda, kaɗan-kaɗan, har ta kalli gabas.